Kwantai

Bara warhaka layi ya kai har shagon aski,
iyaye sun cusa hannu a aljihun kwat,
ƙanƙarar Ohio na sauka a kafaɗunsu,
kowa na son baƙin akwatin nan
da ake jona wa talabijin,
ɗigo ya kori ɗigo, yaro ya manta da abincin dare.
Maxine na ƙirga dala har yatsunta su sage.
Na ce mata, mun haye.
Ta ce, Vernon, tukuna dai.

Sai kowa ya jiyo ƙanshi.
Masu abincin kare suka sa aka yi musu kaset,
masu hatsin karin kumallo suka sayi kamfanin wasa,
samari uku a gareji, cikin mako shida,
suka harhaɗa abin da ko su ba sa iya bugawa.
Ƙofa a buɗe, ba mai gadi, ba mai ɗanɗana miya.

Gil Ostrander, dillali, ran Talata yake zuwa,
taye ja, takalmi na ƙyalli.
"Ɗauki katan goma. In bai shiga ba, dawo mana da shi."
Na ɗauki ashirin.
An ce kwaɗayi mabuɗin wahala;
to, da hannuna na murɗa.

A jikin kwali, dodo mai fiffike yana aman wuta,
jarumi ya zare takobi, taurari na zuba.
A fuskar talabijin kuwa
wani ɗan dunƙule ruwan ɗorawa
yana tsalle, yana kukan gyare.
Kallon kitse muka sa aka yi wa rogo.

Akwai yaron gidan Pulaski, Dwight,
shekara sha ɗaya, kunnuwa jajur don sanyi.
Ƙofar gida tara ya share da shebur
kafin ya tara dala talatin da biyu.
Ya zube min su a kan kanta, har da sulalla.
Washegari ya dawo da kaset ɗin a hannu.
Bai yi kuka ba. Da ma ya yi.
"Mista Stuckey, ko ni ne ban iya ba?"
Na nuna masa takardar da na manna a bango:
abin da aka buɗe ba a mayarwa.
Ranar kasuwar ta mutu.
Jaridu sai da suka shekara kafin su ji wari.

Da bazara na buga wa kamfanin Gil waya.
Layin ya yi ta ƙara a ofishin da ba kowa.
Na buga wa na biyu. An kwashe kujeru.
Na jawo kwandon waya bakin ƙofa,
na rubuta talatin, na soke,
goma, na soke,
uku dala biyar.
Masu kyaun ma, don akwai masu kyau,
suka nutse tare da sauran:
wa zai ba da talatin ga na biyu-ahu a gefe?
An ce wake ɗaya ke ɓata gari.
Namu waken ya fi garin yawa.

Tsallaken titi kuma ana ta karya farashin kwamfuta.
Uwa ta tsaya tsakanin kantuna biyu, jaka a hammata,
ta ce, waccan aƙalla za ta taya shi lissafi.
Ta tsallaka.

Ana raɗe-raɗin manyan motoci sun nufi hamada
an binne kaset an zuba kankare.
Ni ban gani ba.
Nawa kabarin yana sito, katan kan katan,
ɗaya kuma na tokare ƙafar tebur da shi.
Karon farko da ya yi aiki.

Jiya Dwight ya wuce a keke, ƙwallo a kwando.
Bai ko waiwayi gilashin ba.
Tun watan jiya akwai ambulan a aljihun tebur,
dala talatin da biyu, da sunansa a baya.
Maxine ta ce, gidansu fa ba nisa.
Na ce, na sani.
Na juya allon ƙofa, na kashe fitila.